Kantin Kwari a Zamanin Kawu

Kantin Kwarin da na sani a shekarun 1980, ina yaron shagon kawuna, kasuwa ce da magana ke tafiyar da ita. 'Yan sari daga Maraɗi da Damagaram da Njamena kan zo su ɗauki dilolin atamfa, su ba da abin da ya samu, ragowar sai bayan salla. Ba sa hannu, ba shaida, sai wani tsohon littafi da Kawu ke rubutawa da ajami, shi ma don kada ta Allah ta kasance magada su shiga ruɗu.

Kawu mutum ne mai kashe wa kansa ciniki. Mace za ta zo haɗa lefe, ta ɗora hannu a kan turmi, har an yi sallama, sai ya ce, "Hajiya, wannan fa tana zuba. In ta fita kunya kike so, ƙara kuɗi ki ɗauki waccan, ko ki leƙa layin baya." Mu yara sai mu bi ta da kallo, ranmu a ɓace. Maƙwabcinmu kuwa turminsa bai cika yadi shida ba, ga iya ninki, ga zaƙin baki. Shi ya riga kowa a layin sayen Peugeot 504, kuma gaskiya ta yi masa kyau.

Sai ga 1986, gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tattalin arziki na SAP, naira ta faɗi, kaya suka yi tsada, jari ya narke a hannun mutane. Manyan diloli suka fara tantance wanda za su ba kaya bashi. Kawu aikena kawai yake yi da baki, in dawo da 'yan dako a bayana. Mutanensa na Nijar suka riƙa kawo bashinsu da sefa tun kafin lokaci. Matan da ya hana sayen mai zuba su ne suka dinga turo 'yan uwansu. Maƙwabcin namu bai karye nan take ba, a hankali dai kantocinsa suka yi fayau, yaransa suka watse.

Yanzu masaƙun Kaduna da muke saro kaya a wajensu sun yi shiru, atamfar Sin ta cika layuka. Ɗan Kawu ne ke riƙe da shagon. Baƙon fuska ba a ɗaura masa dila sai kuɗi sun shigo waya, amma 'ya'yan mutanen Maraɗin nan har yau ɗauka suke yi, su biya bayan salla.