Da Tsinken Sakace Aka Tada Kwamfuta a Konni!

Kai! Kai! Jama'a, ku tsaya ku ji. Ɗan baƙin akwatin nan da ke ƙarƙashin telenku, wanda yara ke kallon ƙwallo da finafinan Kano da shi, ashe kwamfuta ce! Kwamfuta sukutum! Da idona na gani, a nan Birnin Konni, a rumfar ɗan ƙanwata mai gyaran waya.

Akwatin ma ba wani na a zo a gani ba. X96 mini, irin waɗanda suka cika shagunan kayan wuta daga nan har Illelar Najeriya. Mai shi ya gaji da shi, wai ya yi nauyi, in an kunna sai ya yi ta jan ƙafa. Ya bar shi cikin tarkace, ƙura ta rufe shi ruf.

Yaron ya ce, "Kawu, zauna ka sha kallo."

Na zauna. Ya ɗauko memori, irin na waya, ɗan mitsitsi. Ya ce a ciki ya zuba wani tsarin sarrafa na'ura mai suna Armbian. Kyauta ake sauke shi, kyauta! Ya cusa memorin a gefen akwatin. Ya haɗa waya zuwa tele, ya haɗa kibod. Sannan ya miƙa hannu wajen mai tsiren da ke maƙwabtaka da shi, ya karɓo tsinken sakace.

Tsinke fa! Tsinken sakace haƙori!

Akwai wani ɗan rami a bayan akwatin, an rubuta AV. Can ƙuryar ramin, inda ido ba ya kaiwa, masu ƙira sun ɓoye maɓalli. Ya zura tsinken a hankali, na ji ƙas! Ya danne, bai saki ba, ya jona wuta da ɗaya hannun. Tele ta yi baƙi. Shiru. Ni har na daina numfashi.

Sai rubutu! Farin rubutu a kan baƙin allo, yana gudu sama, layi bayan layi, layi bayan layi, gefensa koren OK, OK, OK, suna zubowa ba tsayawa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Babu hoton Android, babu tallan fim, babu komai na da. Akwatin ya farka da wani rai daban.

Na ce, "Kai yaro, me ka yi masa?"

Ya yi dariya. "Kawu, dokin nan dai shi ne, mahayi kawai na sauya."

Ya buga root, ya buga 1234, nan take na'urar ta ce sai ya sa sabuwar kalmar sirri tasa ta kansa. Daga nan ta jero bayanin kanta: ƙwaƙwalwar Amlogic S905W mai zuciya 4, ma'ajiyar aiki giga 2, har da zafin jikinta a ma'auni. Na ɗora yatsa a kan murfin. Ɗumi-ɗumi. Babu fanka, babu ƙara, ko ƙis.

Ku ji wani abin kuma! Armbian ɗin nan ɗan gidan Linux ne, tsarin da wani ɗalibi, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a Helsinki ta ƙasar Finlan a 1991, ya sake shi ga duniya kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Shi kansa Android da ke wayata da taku, a kan Linux aka gina shi. Ashe tun tuni muna yawo da shi a aljihu! Turawan Kambirij a Ingila sun fitar da ƴar kwamfutarsu Raspberry Pi a 2012 kan dalar Amurka 35 don yara su koyi irin wannan aiki, duniya ta yi ta yabo. To mu ga danginta nan zube a ɗakunanmu, muna kallon kokawa da su!

Amma duk wannan somin taɓi ne.

Ya sa wata manhaja, Kiwix. Mutum biyu suka kafa ta a 2007, Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin, na biyun ma a Bamako yake zaune, ya san wahalar intanet irin tamu. Aikinta ɗaya: ta dunƙule Wikipedia cikin fayil guda, a karanta ba tare da intanet ba. Yaron ya riga ya sauke ta Hausa da ta Faransanci. Ya haɗa akwatin da wata tsohuwar rawuta, ya ce, "Kawu, kashe datarka. Kashe gaba ɗaya."

Na kashe. Na kama wifin rumfar. Na buga lambobin da ya faɗa mini.

Ta buɗe! Ta buɗe, jama'a! Ba data, ba kati, ba ko dala!

Hannuna na rawa na rubuta sunan Shehu Usman Ɗan Fodiyo. Ga shi nan: haihuwa 1754, a Maratta. Maratta tamu, nan kusa da Galmi! Na koma ta Faransanci na nemi Konni, sai ga labarin ayarin Voulet da Chanoine da suka ƙone garin nan a 1899, abin da kakanninmu ke faɗa da baki. Mai tsire ya bar wutarsa ya leƙo. Wani ɗan kabu-kabu ya faka, ya ciro wayarsa, shi ma ya shiga. Wata ƴar lakwal da ta kawo gyaran waya ta nemi darasin zagayawar jini, ta samu, ta yi tsalle. Duka a lokaci guda, duka daga akwati guda!

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Tele ta mutu. Na ce shi ke nan. Yaron ko a jikinsa. Ya zaro fawa bank, ya jona akwatin da rawutar, akwatin ya sake tashi shi kaɗai, ba tsinke wannan karon, ba tele, wayoyinmu suka ci gaba da karatu. Bolt 5 kawai yake ci, cajarsa ba ta wuce wat 10 ba. Ku auna: tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018 megawat 7 ce. Na yi lissafi a ƙasa da yatsa, akwati 700,000 ke nan! Wanda ya ga duhun da muka sha a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta aka kuma rufe iyaka, ya san darajar abin da ƙaramin faranti na sola zai riƙe yini guda.

Ni tuni hankalina ya tafi ƙauye. Tajaye! Badagishiri! Dogerawa! Gidan Idar! Makarantun da mushe ke da littafi ɗaya tal, yara na kwafa daga allo. A ajiye akwati ɗaya a ofishin darakta, da rawuta, da batir, da faranti a kan rufi. Malamai su shirya darasi da wayoyinsu. Wannan abu ya kamata ya isa can, kuma mu ne za mu kai shi.

Yaron dai ya ja mini kunne. Ba kowane akwati ke karɓa ba. Wani murfinsa iri ɗaya, sunansa iri ɗaya, amma ƙwaƙwalwar ciki daban, sai an buɗe an karanta abin da aka rubuta a kanta. Sai kuma an zaɓi fayil ɗin da ya dace da allon cikin, in ba haka ba tele ta tsaya baƙa ƙirin. Wifin akwatin kansa sau da yawa ba ya aiki da sabon tsarin, shi ya sa ya nemo rawuta. Amma ku ji daɗin abin: ya zare memorin, ya kunna, sai ga Android ya dawo daram, da ƙwallonsa da finafinansa. Babu abin da ya ɓace! Ya mayar da memori, ɗakin karatu ya dawo!

Ina miƙewa zan tafi, sai na ga ya juya rawutar yana karanta lambar da ke ƙarƙashinta.

Na ce, "Ita kuma fa?"

Ya ce, "Kawu, ita ma akwai nata. OpenWrt ake ce masa, tun 2004 ake sa wa irinsu. Ka dawo ran Laraba bayan an tashi kasuwa."

Rawuta ma? Ita ma kwamfuta ce? Kai! Laraba ina rumfar nan tun kafin la'asar!