Wasiƙa daga Marsey: Teku a Cikin Akwatin Gilashi

Zuwa ga ƙanena,

 Yaya jikin Inna? Yaya kuka ji da zafin bazara? Ni nan lafiya lau, sai kewar gida.

Saƙonka ya iso. Ka ce hoton da na turo ta WhatsApp ya zagaye majalisarku, har wasu na rantsuwa talabijin ce, kuma kana so in koya maka yadda ake haɗa abin don ka kafa irinsa a shagonka na Dogon Kiriya ya jawo maka ciniki. To bari in zayyana maka, sai ka yanke hukunci, ko da yake ni na riga na yanke nawa.

Maigidan da nake wa aiki sana'arsa ke nan: mu shiga gidan mutum mu girka masa akwatin gilashi, mu zuba ruwan gishiri, mu dasa murjani mai rai, mu saki kifaye. Wanda ka gani a hoton lita 300 yake ci. Kafin komai sai an duba daɓen ɗakin, don ruwan kaɗai ya haura kilo 300, ban da gilashi da duwatsu.

Kada ka ga muna bakin teku ka ɗauka guga muke jefawa mu ɗebo. Haɗa ruwan muke yi. Ruwan famfon da kowa ke sha a nan bai yi wa murjani ba, sai an tura shi ta wata matata mai ƙarfi da ke cire masa kusan duk abin da ya narke a ciki. Wannan matata ita ce abin da har yau raina bai saba da shi ba: kafin ta ba ka lita ɗaya mai kyau, ta zubar da uku ko huɗu a magudana. Nakan tsaya ina jin ƙarar zubarsa, ina tuna igiyar rijiyar unguwarmu da yadda take cin tafin hannun mata. Na taɓa roƙon wata tsohuwa da muka yi wa aiki ta riƙa tara shi tana ban ruwan furanninta. Ta yarda, amma kallon da ta yi mini na mamaki ne.

Sai gishiri. Giram 35 a kowace lita, daidai da ruwan teku, wato akwatin nan ya cinye sama da kilo goma. Ba na miya ba ne, ba na Foga ko na Bilma ba. Haɗi ne na masana'anta mai ɗauke da sinadaran da murjani ke gina ƙashinsa da su. Akwai wani ɗan ma'auni mai siffar guntun bututu, ka ɗiga masa ruwa, ka rufe, ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa da ido ɗaya, sai ka ga layi ya raba shuɗi da fari. Inda layin ya tsaya shi ne ƙarfin gishirin. Kullum kuma ruwa na tashi sama ya bar gishirinsa, don haka cikon da ake yi da ruwan daɗi ne zalla. Mai ƙara ruwan gishiri a nan kashe dukiyarsa yake yi sannu a hankali.

Bayan an jera duwatsu da yashi, an kunna famfunan da ke kaɗa ruwa, sai jira. Wata guda, wani lokaci wata ɗaya da rabi, akwati ba kifi ko ɗaya. Kashin kifi na rikiɗewa ya zama guba mai suna amoniya, kuma sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sun yaɗu cikin ramukan duwatsun kafin su iya sarrafa ta. A nan masu kuɗi ke gazawa. Mutum ya biya, yana so baƙinsa su gani gobe, ya saci jiki ya saki kifaye, bayan kwana kaɗan ya kira mu yana faɗa. Maigidana ba ya jayayya da su, sai ya miƙa musu takardar sabon lissafi.

Murjanin kansa dabba ne, ƙanena, ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba. A cikin namansa akwai wata 'yar ƙaramar gansakuka da ke dafa masa abinci da haske, shi ya sa ake rataya masa fitilu masu shuɗin haske kusan wuni guda. Muna sayen sa ɗan tsinke, tsawon gaɓar yatsa, an liƙa shi a kan ɗan faifai. Idan ka matso da fuskarka jikin gilashi da dare, za ka ga ƙananan bakuna sun buɗe, kowane da 'yan hannuwansa yana laluben abin da ruwa ya kawo. Jan murjanin da ke wuyan Inna danginsa ne, sai dai shi daga wannan tekun na Bahar Rum ake ciro irinsa, a wurare masu duhu, kuma fataken Marsey sun yi ƙarnoni suna cinikinsa. Na cikin akwati daga tekuna masu ɗumi asalinsa yake, kuma masu ƙashi daga cikinsu ba sa tsallake iyaka sai da takardar izini ta yarjejeniyar CITES. A Monako, can gabas da mu, akwai gidan nazarin teku da aka buɗe tun 1910, inda wani malami, Jean Jaubert, ya yi suna wajen rayar da murjani a cikin gini. Na je na gani, na daɗe ban iya magana ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ruwan nan ana so ya zauna tsakanin digiri 24 da 26. Ya haura 30 ya daɗe, murjani ya kori gansakukarsa, ya yi fari fat, ya mutu da yunwa. Haka ya faru a babban tekun ma: a 1998, da 2016 a gaɓar Ostareliya, sai kuma 2024 da aka sanar da karo na huɗu da abin ya game duniya. To kai da watan Afrilu ke kai ka sama da 40 a inuwa, ƙarƙashin rufin kwano? Sai ka sayi injin sanyaya ruwa, shi da famfuna da fitilu su yi ta aiki ba dare ba rana. Wuta ta ɗauke na wasu sa'o'i, iska ta ƙare a ruwan, kifaye su fara haki. Batirin solarka da ke wahala da firiji ɗaya ba zai ɗauki wannan ba. Gishirin ma daga ina, in buhu ya ƙare?

Idan kifi kake so mutane su tsaya kallo, ka gina ɗan kwarami na siminti bayan shago, ko ka sayi na tamfol irin wanda ake kiwo da shi a Sakkwato da Birnin Kabi, ka zuba 'ya'yan tarwaɗa. Tana jure zafi, tana haurowa ta shaƙi iska da kanta, cikin wata biyar zuwa shida ta isa kasko. Ruwan da ka canza kuma ka kai wa zogale da tumatir. Ka tambayo mini kuɗin buhun siminti a Dogon Dutsi da ladan magini, in ga abin da zan iya turowa ƙarshen wata.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce maganin ƙafarta na nan tafe. Ka gaida Kawu, da amarya, da yara duka.

Naka,
Yayanka