Na je neman hotunan hatsarin jirgin Gwammaja a Usenet

1/ Masu cewa intanet ba ya mantuwa, ku matso kusa. Wata uku na yi ina bin sawun wasu hotuna na shekarar 2002, kuma abin da na tarar shi ne yana mantuwa, har jadawali gare shi: wannan ya kwana kaza a goge shi, wancan a bar shi. Zaren zai yi tsawo, mai ƙarancin data ya ajiye sai dare 🧵

2/ Da yawanku ba a haife ku ba lokacin. Ranar Asabar 4 ga Mayu 2002, da azahar, wani jirgi ƙirar BAC 1-11 ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zai tafi Legas. Bai samu ya yi sama sosai ba, ya faɗo cikin gidajen mutane a Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gida. Har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

3/ Gwaggona a unguwar take a lokacin. Gidanta bai taɓu ba, amma layi kaɗan ne tsakani. Daga baya aka sayar da gidan a rabon gado, wanda ya saya ya rushe ya yi bene. Ba ta da hoton gidan ko ɗaya. Gidan da ta yi aure a ciki, ta haifi 'ya'ya bakwai.

4/ Babban ɗanta, wanda muke ce wa Yaya, yana karatu a Ingila a shekarar. Shi ya daɗe yana faɗa mana cewa a makon da abin ya faru ya ga hotuna a kwamfutar jami'a, kuma a ɗaya an ɗauko layinsu daga sama, ana ganin zauren gidan da bishiyar darbejiyar ƙofar gida. Ranar wani suna aka sake tayar da zancen, Gwaggo ta juyo ta ce, "Kai ɗan nan, ba kai ne ɗan kwamfuta ba? Nemo min." Na ce to Gwaggo, in sha Allahu.

5/ Na tambayi Yaya wane shafi ne. Ya ce ba shafi ba ne, Usenet ne. Wallahi ranar na fara jin sunan.

6/ Ga abin a taƙaice. Usenet ya girmi yanar gizon da muka sani. Wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Duke ta Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka ƙirƙiro shi a 1979, ya fara aiki a 1980. Zauruka ne na hira, dubbai, kowanne da sunansa mai ɗigo-ɗigo. Masu jirage suna da irin su rec.aviation.piloting da alt.disasters.aviation. 'Yan Najeriya na waje kuma suna ta cacar baki a soc.culture.nigeria tun kafin a san Facebook.

7/ Abin da ya bambanta shi da nan inda muke: ba shi da mai gida. Ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba. Ka tura saƙo a sabar jami'arku, ita ta miƙa wa sabobin da take hulɗa da su, su ma su miƙa gaba. Kowane saƙo yana da lambar shaida tasa shi kaɗai, saboda haka in an kawo wa saba wanda ta riga ta karɓa sai ta ce na gode, ina da shi. Cikin awanni ya zaga duniya. Kamar labarin rasuwa a gari, kowa ya ji ya gaya wa na kusa.

8/ To a nan matsalar take. Tun da kowace saba kwafinta take riƙewa, ita ke yanke wa kanta tsawon lokacin da za ta riƙe. Turawa na kiransa ritenshan, wa'adin ajiya ke nan. Mai kula da sabar zai rubuta doka: wannan zauren a bar saƙonsa kwana 30, wancan kwana 3. Kullum, galibi cikin dare, wata manhaja ta bi ta share duk wanda kwanansa ya cika.

9/ Akwai ma wata hanyar da ta fi ba ni mamaki. Wasu sabobin ba sa ƙirga kwana. Wani yanki na faifan ajiya ake warewa, a yi ta rubutu a kai har ƙarshe, in ya cika a koma farko a hau kan tsohon. Kamar kaset ɗin da ake ɗaukar wa'azi a kan waƙa, a ɗauki biki a kan wa'azin. Ba wanda ya zauna ya ce a goge hoton Gwammaja. Sabbin kaya ne suka zo suka bi ta kansa. Ranar da aka turo kaya da yawa, wa'adin kowa ya gajarta.

10/ Sai maganar hoto. Don rubutu aka gina Usenet. Mai son tura hoto dole ya mayar da shi tarin haruffa, da wata dabara mai suna uuencode, daga baya kuma yEnc da ta fito a 2001. In babba ne a yanka shi gunduwa-gunduwa, 1/5, 2/5, har 5/5. Manhajarka ta tattara ta haɗa. Guda ɗaya ya ɓace a hanya, sai ka ga rabin hoto, ƙasansa toka-toka.

11/ Saboda nauyinsu aka ware musu unguwarsu, zaurukan da sunansu ya fara da alt.binaries. Na jirage shi ne alt.binaries.pictures.aviation. Can Yaya ya ga hoton. Kuma waɗannan zaurukan su ne masu mafi gajeren wa'adi, domin hoto ɗaya na cin wurin saƙon rubutu masu yawan gaske. A wancan zamanin faifai da tsada. Rubutu ya yi makonni ko watanni, hoto ya yi 'yan kwanaki. Jami'o'i da yawa ma ba sa karɓar zaurukan hoto kwata-kwata.

12/ Na fara da Google Groups. Tarihinsa: wani kamfani Deja News ya fara tara saƙonnin Usenet a 1995, Google ya sayi rumbun a Fabrairu 2001, ƙarshen shekarar kuma ya ƙara tsofaffi har zuwa 1981.

13/ Bari in ɗan kauce, don labarin tsofaffin nan ya burge ni. Wani ma'aikaci a sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Toronto, Henry Spencer, ya riƙa kwafe saƙonni a kan tef daga 1981 zuwa tsakiyar 1991. Tef 141. Ba wanda ya sa shi. Kaso mai tsoka na abin da ya rage daga shekaru goman farko a wurinsa aka samu. Tef ɗinsa ya ƙare a watan Yuni 1991. Ranar 11 ga Yuli, wata ɗaya bayan nan, jirgin alhazanmu da ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama wuta ya faɗi, mutum 261. Daga inda ya tsaya zuwa 1995, ciko ne aka yi daga ajiyar wasu mutane, da giɓi a tsakani.

14/ Mu dawo 2002. Na samu rubutu kam. Masana jirage na gardama kan zafin Kano a watan Mayu da yadda yake rage wa jirgi ƙarfin tashi, wasu na maganar tsufan jiragen da ke yawo a Afirka. Wasu na zagin Najeriya kamar yadda aka saba. Har da masu nuna wa juna cewa a leƙa zauren hotuna, an saka.

15/ Kuma na samu saƙon Yaya. Layi uku, da Turancin ɗalibi, yana tambaya ko akwai wanda ke Kano ya gaya masa layukan da jirgin ya taɓa, ya kira gida waya ba ta shiga. Ku tuna wayar GSM ba ta cika shekara da zuwa Najeriya ba, a Agustan 2001 aka fara. Na tura masa hoton saƙon. Ya karanta, bai ce komai ba sai washegari.

16/ Hoto dai babu. Rumbun Google na rubutu ne zalla, bai taɓa ɗaukar zaurukan alt.binaries ba. Saƙon da ke cewa "je ka ga hoto" ya rayu shekara ashirin da wani abu, hoton da ake nunawa bai kai ƙarshen watan Mayun ba. Tun 22 ga Fabrairu 2024 ma Google ya daina karɓar sababbin saƙonnin Usenet, tsofaffin ne kawai ake iya karantawa.

17/ Wani abu kuma: ko a rubutun, mai saƙo na iya sa layin X-No-Archive: yes a kansa, ma'ana kar a ajiye min. Deja ta mutunta wannan, Google ma haka. Shi ya sa za ka ga hira ta yi tsalle, ana amsa wa mutumin da maganarsa ba ta nan, sai ɗan guntun da wani ya kwafo cikin amsarsa.

18/ Mataki na biyu, kamfanonin da ake biya. Usenet bai mutu ba fa, har yau kayan da ke bi ta cikinsa sun haura terabait 100 a rana, kusan duk manyan fayiloli. Tallarsu: ajiyar kwana 5,000, kwana 6,000 da ɗoriya. Na ɗauko kalkuleta. Kwana 6,000 shekara 16 ne da 'yan watanni. In ka ja baya sai ka tsaya a 2008.

19/ Ba haɗuwa ba ce. Wajen 2008 ne faifai ya yi arhar da manyan kamfanonin suka daina sharewa, suka koma ƙara sabon faifai kawai. Tun daga nan lambar ke ƙaruwa da kwana ɗaya kowace rana. Ƙarshenta na baya a kafe yake. Ko lambar ta kai dubu goma ba za ta taɓa 2002 ba. Na biya kuɗin wata ɗaya a wani kamfani don in gani da idona, na shiga zauren da Thunderbird, na gangara har ƙasa. Inda ya tsaya, shekara shida ne tsakaninsa da abin da nake nema.

20/ Hatsarin 29 ga Oktoba 2006 da ya ci Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a Abuja, shi ma ya faɗa bayan katangar. Shekara biyu kacal.

21/ Dama ɗaya ta rage: mutanen zaurukan hoto suna da al'adar sake turo tsohon kaya in wani ya roƙa. In wani ya sauke hoton a 2002, ya ajiye a kwamfutarsa, ya sake turowa bayan 2008, zai kasance. Na nema da sunan Kano, da ƙirar jirgin, da lambar rajistarsa. Jiragen Najeriya da 5N lambarsu ke farawa, na Nijar 5U, kuma masu tara hoton jirgi da ita suke sa wa fayil suna. Na samu hotunan BAC 1-11 da yawa suna tsaye lafiya lau a filayen Turai. Na Gwammaja ko ɗaya.

22/ Zan faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata ya yi sanyi da hakan. Yaya ya ce cikin hotunan akwai waɗanda bai kamata ido ya gani ba. Gawarwakin iyayen wasu ne, wasunsu ma ƙila suna karanta zaren nan. Yanzu da hatsari ya faru a hanyar Kaduna, kafin a sanar da iyali an riga an tura bidiyon gawa a guruf ɗin gida. Ni wannan ɗabi'ar ba ta da uzuri a wurina. Sai dai tsintsiyar da ta share waɗancan ba ta san zaɓi ba, ta haɗa da hoton zauren Gwaggo.

23/ Mai neman bayanin hatsari don ilimi, ba Usenet zai fara zuwa ba. Aviation Safety Network na da bayanin kowane babban hatsari, da lambar jirgi da adadin mutane, har na 22 ga Janairu 1973 da Boeing 707 ɗauke da alhazai ya faɗi a Kano, mutum 176. Airliners.net da JetPhotos na da hotunan jiragen. Wayback Machine na riƙe da wasu tsofaffin shafukan jaridu, ko da yake sau da yawa rubutun ke fitowa, wurin hoton fanko. Cuta ɗaya ce.

24/ Ku duba wayoyinku ma. WhatsApp ba ya ajiye muku saƙon da ya riga ya isa, wanda bai isa ba kuma kwana 30 yake riƙewa a sabarsa. Danna tsohon hoto a guruf ka ga an ce ka roƙi mai shi ya sake turowa, wa'adin ajiya ke nan, irin na Usenet sak.

25/ Yanzu takarda na koma. A 2002 ba wayar kyamara a hannun mutane, saboda haka wanda ya ɗauki layin daga sama kusan tabbas ɗan jarida ne, wani kuma ya kwafa ya saka a zauren. Ke nan asalin yana cikin wata jarida ko mujallar makon. Zan je Arewa House da gidan adana tarihi na ƙasa a Kaduna in duba Triumph, New Nigerian, Daily Trust da Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 5 ga Mayu zuwa ƙarshen wata. Ina kuma leƙa Archivi.ng, masu sikanin tsofaffin jaridun Najeriya.

26/ Roƙona: in babanku mai tara jarida ne, ko akwai tsohon faifan CD a gida da aka rubuta Kano 2002, ko wani kawunku na cikin masu shiga alt.binaries a lokacin, ku yi min magana ta DM. Hoton gidaje nake nema, wanda ake ganin layuka daga sama. Na gawa don Allah kar a turo min, kuma kar a saka a ƙarƙashin zaren nan. A taya ni yaɗawa 🙏