Dartmoor, makiyayar da yara ke neman akwati

A kudu maso yammacin Ingila akwai wani daji mai tuddai da duwatsu, sunansa Dartmoor. Tumaki da shanu da ƙananan dawaki ke kiwo cikinsa.

A shekara ta 1854, wani ɗan jagora, James Perrott, ya aje kwalba a fadamar Cranmere. Baƙon da ya kai wurin sai ya bar takarda mai sunansa ciki. Abin ya zama wasa. Yau ana ɓoye ƙananan akwatuna ƙarƙashin duwatsu, kowane da hatimi da ɗan littafi.

A gefen dajin akwai tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, wajen kilomita 18, daga Okehampton zuwa Lydford. An maida ta hanyar keke. Iyaye na bin ta da yaransu, su aje keke, su hau tudu da ƙafa.

Yaro ya karanta kwatance, ya ƙidaya taki. In ya samu akwati, ya buga hatimin a littafinsa, ya maida shi mazauninsa. Karatu ne jagoransa.

Amma wurin makiyaya ne. Ana koya wa yaro ya rufe ƙofar shinge, kada ya kori dabba. In ya bar ƙofa buɗe, garken wani ne zai watse.