Kwana Biyu a Malumfashi

Ranar da Inna ta ce in shirya in wakilce ta a bikin 'yar ƙanenta a Malumfashi, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ba wai nisa ba, domin daga Kano in ka bi ta Gwarzo da Dayi, kafin azahar ka sauka. Abin da ya dame ni, a coci za a ɗaura auren. Kakanninmu Maguzawa ne. Inna ta musulunta ta yi aure a birni, shi kuwa Kawu tun yana yaro ya bi Fada, ya zama ɗan Katolika. Rabon da ɗaya ya taka gidan ɗaya har an manta.

Da na isa, kafin in gama gaisuwa sai matar Kawu ta ja hannuna zuwa ɗaka, ta nuna mini sabuwar buta da tabarma, ta ce, "Ga gabas nan, ɗiyata." Kunya ta rufe ni, don ni a hanya tunanin inda zan yi salla nake ta yi.

Da dare Kawu ya ba ni labarin cocinsu, St. Vincent Ferrer. Fada-fada 'yan Dominika ne daga Amurka, masu fararen riguna, aka danƙa wa yankin Sakkwato a 1953, har aikinsu ya iso ƙasar Galadiman Katsina. Amma a cewarsa Bature bai isa ya yi aikin shi kaɗai ba. Katikis ne, malamin ƙauye mai keke, ke bin gidajen Maguzawa yana koya wa yara karatun boko da addu'a cikin Hausa. A nan garin ma aka kafa makarantar horar da irin waɗannan malamai.

Washegari na zauna can baya ina kallo. Mai karatu, da za ka rufe ido ka ce bikin ƙauyenmu ne! 'Yan Zumuntar Mata sun sha anko, ɗauri ya zauna daram, wata na buga tulu, wata na kaɗa kacau-kacau, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa har sai da amarya ta ƙara sunkuyar da kai. Su ne fa ƙashin bayan wurin nan. Girkin biki nasu, zaman makoki nasu, in mace ta haihu ba ta da hali su suke haɗa mata sabulu da hatsi. Huɗubar dai ta yi tsawo, gaskiya, na yi gyangyaɗi sau biyu.

Da muka fito na tambayi Kawu dalilin da ake duba jakar kowa a ƙofa. Ya yi shiru, sannan ya nuna mini gidan Fada. A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka shigo cikin dare, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da tsoho Fada Joe Keke, sai daga baya aka sako shi. Ya ce, "Ɗiyata, ko a lokacin ba mu rufe ƙofa ranar Lahadi ba." Fuskarsa ba ta saki ba sai da ya zo kan 2023, shekarar da Paparoma Francis ya ba Katsina nata bishop, Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi. Har da buga ƙirji: "Ɗanmu ne fa!"

Da zan tafi ya rako ni tasha da rabin buhun dawa da ƙullin daddawa. Mota ta fara motsi ya leƙo ta taga. "Ki ce wa Yaya ƙafata ta yi tsami, amma in ta yarda, ina nan tafe bayan kaka."

Da na isar wa Inna, ba ta ce uffan ba. Daddawar kawai ta kwance ta shinshina, ta aiki yaro ya sayo kuka.