Ranar da ribas ya ƙi shiga a Ƙofar Dawanau

Mu huɗu ne, ɗaliban jami'a, muka ari tsohuwar Golf ɗin yayan ɗayanmu za mu kasuwar Dawanau sayo gero da wake. Sharaɗin mai mota ɗaya ne: ta dawo lafiya kafin la'asar.

Da muka iso Ƙofar Dawanau, a arewa maso yammacin tsohon birni, sai muka tsaya kallon ragowar badala, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134). Ga Dutsen Dala ana hangowa, ga manyan motocin hatsi suna bin hanyar Katsina. Direbanmu ya cusa hancin mota wani lungu, gabanmu kwata. Da muka tashi tafiya, ribas ya ce atafau. Ko ya tura giya sai ka ji ƙarar-rar, kamar ana niƙa tsakuwa.

Wani dattijon bakanike da ke gefen titi ya taso. "Kai yaro, daina danna ta da ƙarfi, za ka kakkarya haƙora!"

"Baba, giyabos ɗin ne ya mutu?"

Ya yi dariya, ya kashe injin, ya tura giyar, ta faɗa ribas sumul. Ya ce to ashe laifin kuloci ne. Bayaninsa: a yawancin tsofaffin motoci giyar ribas ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora kamar sauran giyoyi, don haka in kuloci bai raba injin da giyabos sosai ba, ita ce ta farko da za ta yi gardama. Ya leƙa ƙasa ya ga wayar kulocin ta saki, ta kuma fara tsinkewa. Ya aika yaronsa Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota, ya sayo sabuwa.

Yana ɗaurawa yana koya mana dabara: taka kuloci har ƙasa, dakata kaɗan, sa lamba ɗaya tukuna, sannan ribas.

Mun isa Dawanau rana tsaka, kuɗin wake sun tafi wajen gyara, gero kawai muka sayo. Amma mota ta koma hannun mai ita kafin kiran la'asar, kuma da baya muka shigar da ita gida.