Gara Ba Ta Karanta Handawut

A hutun zangon farko, Baba ya tashi gyara rumfar dabbobinmu a Gagarawa. Ni da na fara karatun gandun daji, ai sai na gyara zama na ce masa: "Baba, a bar wahalar neman kirya, a sayo turare. Malaminmu ya ce yana cikin itatuwa masu ƙarko." Ya kalle ni ya yi shiru. Ranar Alhamis da ya dawo daga kasuwar Maigatari, sai ga dirkokin turare, miƙaƙƙu sumul.

Damina biyu kawai suka yi. Wata iska ta taso da dare, rumfa ta rufto, ta karya ƙafar ragon da ake kiwo don Layya. Da na tono gindin dirka ɗaya, da yatsa nake murje ta kamar gari. Baba bai ce min uffan ba, wanda wallahi gara a ce ya yi faɗa.

Malam bai yi ƙarya ba, ni ne na ɗauki rabin karatu. Turaren da littafi ke yabo tsoho ne, irin na Ostireliya inda asalinsa yake, mai jar zuciya cike da sinadaran da gara da ruɓa ba sa so. Namu na shuka kuwa, ana sare shi yana ɗan shekara kaɗan, kusan duk jikinsa farin nama ne, abincin gara. Suna ɗaya, ƙarko daban. Shi ya sa masu saye na da can suke fara duba bakin sara, su ga faɗin ja da faɗin fari, kafin a yi maganar kuɗi. Azarar giginyar da ke soron kakanmu ta girmi Baba, har yau tana nan daram.

Yanzu na kafa turaku a bayan gida, kusa da wani shuri: turare ƙarami, turare babba, maina, da guntun kirya. Wasu na shafa musu baƙin mai, wasu na bar su haka. Duk hutu ina girgiza su, in rubuta abin da na gani. Ƙannena har sun sa wa wurin suna "makabartar Yaya".

Jiya babban wana ya kira ni. Zai rufa ɗakin amarya bayan girbi, yana tambaya wane katako zai saya. Na ce masa ya fara tambayar Baba tukuna, ni turakuna ba su cika shekara ba.